Shamuwa Ta Ƙi Hucewa

Shafi na 31

Masu cika min waya da "ina Namadi, ina Namadi", to ga shi nan, ku bar ni in huta. Ba wuta a unguwarmu, sabis kuma sai na hau kan turmi nake samu. Wanda yau ya fara shigowa: Namadi bakanike ne a Anka, ya yi shekaru yana ƙera jirgin sama da injin dizal a rumfar bayan gidansa, ya sa masa suna Shamuwa. Jirgin bai taɓa tashi ba, domin duk ranar gwaji injin zafi yake ɗauka. Mun baro shi ya kwance lagireto ya tafi da shi Gummi.

*

Makau, mai gyaran lagireto a Gummi, ya duƙufa yana narkar da dalmar da ke riƙe da murfin lagireton. Namadi yana zaune a kan wani mataccen batir, ya kau da kai wajen titi. Duk rayuwarsa a cikin ƙarafa ya yi ta, amma har yau ba ya iya jure warin dalma in tana narkewa. Makau ya san dalili, shi ya sa ya ba shi baya yana aikin.

"To Injiniya," in ji Makau, "wanga shi na lagireton Shamuwa?"

"Shi na."

"Tun haƙorana na cike nike jin za ta tashi. Ga shi yanzu nama sai an daka min."

Da can Namadi zai rama, don sun saba tun suna yaran gareji. Yau ko murmushi bai yi ba. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

"Ba abin da ban yi ba, Makau. Na sa babban lagireto, hancin jirgi yay yi nauyi. Na huda hanci iska ta shiga, tas shiga tar rasa ta inda za ta hita. Na maida shi ƙarƙashin ciki. Tamostat mai daidaita zahin ruwa, da duk bakanike ka cirewa shi jehwar, ni na koma na sayo na maida, wai cire shi na kuskure."

"Sai mi?"

"Sai in ɗaure ta ga tsamiya in tada. Kamin ka tahwasa shayi allurar awon zahi ta kai ja."

"Injin niƙa duro guda na ruwa aka ɗaura mai, shi wuni shina aiki ko tari bai yi."

"Jirgi ba shi ɗaukar duro, Makau."

"To ai shi na nike gani."

Makau ya sa filaya ya ɗaga murfin a hankali. Ya leƙa. Ya sake leƙawa. Sai ya ajiye filayar, ya tura yatsa cikin bakin bututun, ya zaro. Wani abu baƙi ya biyo yatsan yana yauƙi, ya ƙi tsinkewa.

Ya kai hanci ya sunsuna.

"Namadi."

"Na'am."

"Wa ka yi maka miya cikin lagireto?"

Namadi ya taso ya zo.

"Tsatsa ta. Duk san da nij juye ruwan haka nika ganin shi baƙi. Injin tsoho na."

"Tsatsa ja ta, kai ma ka sani. Kawo hannunka."

Ya shafa masa a tafin hannu.

"Wanga baƙi, gawayi na. Wanga danƙo da ka kama yatsa, ƙaro na. Wanga kore-kore kuwa, ko makaho ya san shi."

Namadi ya murza. Ya sunsuna. Kuka ce, wadda ake kaɗa miya da ita.

"Direbobi na sa kuka in lagireto na yoyo," in ji Makau. "Ɗan tsunkule. Naka na yoyo?"

"Bai taɓa ba."

"To wanga ba tsunkule ba na. Ludayi na, kuma ba sau guda ba. Duba." Ya ɗaga lagireton sama ya nuna wa rana. "Bututun ga duka sun toshe, sai 'yan na gehe. Ruwan naka ba shi da ta inda za shi bi. Ko motar ɗaukar itace ka ba wanga sai ta tahwasa."

Kun san abin da ya fara zuwa wa Namadi? Ba fushi ba ne. Daɗi ne. Ashe ba hannunsa ba ne. Ashe ba kansa ne ya mutu ba, yadda ya fara zato. Duk hujin da ya yi, duk kwancewa da ɗaurawa, ba a nan gizo ke saƙar ba.

Nan take ya zaro waya ya kira Faruk.

Faruk shi ne ɗansa, babba, kuma shi kaɗai ya rage musu. Ya girma a gindin Shamuwa, ya iya zagaya fili da ita a ƙasa fiye da ubansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai shi ɗan barewar nan ba ya jin tsaya.

"Baba."

"An gano ciwon! Lagireto na yat toshe. Injinmu lahiya lau, tsarinmu lahiya lau."

Ihun Faruk sai da Makau ya ji.

"Na hwaɗa maka, Baba! Na hwaɗa maka! To ai sabon lagireton da kas sayo na ɗaura shi tun jiya, na cika shi da ruwa, na matse komi."

"Madalla. Ka jira ni."

"Baba, ɗaurin ga da muka yi mata ga tsamiya shi ka ƙara dahwa ta. Tana tsaye wuri guda ina iska? In ta hau sama iska da kanta ka sanyaya ta."

"Na ji wanga karatu ya hi a ƙirga. Nac ce ka jira ni, kar ka taɓa..."

Ɗif. Sabis ya ɗauke.

Ya sake kira, bai shiga ba. Ya mayar da wayar aljihu, har yanzu da sauran murmushi a fuskarsa.

Makau yana kallonsa yana goge hannu da tsumma.

"Ka yi murna da wuri."

"Ƙaƙa?"

"Ba ka tambayi wa yaz zuba ba."

Murmushin ya tafi.

"Kuka ba ta da ƙahwa, Namadi. Rumhwar taka tana da ƙyaure?"

"Da kwaɗo."

"Wa ad da mabuɗi?"

Namadi ya shafa aljihunsa. Makau ya kankaro baƙin abin nan da wuƙa, ya dunƙula, ya ƙulle a leda ya miƙa masa.

"Bar lagireton in wanke maka. Kai kama hanya tun da rana, ka san yadda take. In ka isa, ka sha ruwa kamin ka yi magana."

*

Motar ta cika maƙil, mutum kan mutum, ga zafin bazara. Ba mai hira. Kowa idonsa na kan daji, bakinsa na motsi da addu'a don tsoron 'yan bindiga, yadda aka saba a wannan hanyar. Har suka wuce mahaɗar Bukkuyum Namadi bai ɗaga kai ba, ledar na cikin tafinsa.

Mabuɗi ɗaya yana aljihunsa. Ɗaya yana wuyan Faruk, kuma Faruk gara ya yanke yatsa da ya cuci Shamuwa.

Na ukun yana rataye a ƙusa, a ɗakin matarsa Zubaida.

Ya yi ta neman wani da zai ɗora wa. Maƙwabcinsu mai ƙorafin ƙara. Samarin da ke masa waƙar tsiya in ya wuce. Ya ɗauko wannan ya ajiye, ya ɗauko wancan ya ajiye, ba wanda ya zauna. Abin da ke dawo masa shi ne yatsun matarsa wata safiya da baƙi-baƙi a farce, ya tambaya ta ce gawayi ne. Da kuma kunun da take kai masa rumfa duk ranar gwaji, tun bai fito daga masallaci ba. Har yabonta ya yi a gaban mutane, wai ita kaɗai ce ba ta taɓa yi masa dariya ba.

Gawayi da ƙaro. Ko ɗan makarantar allo ya san tawada ke nan.

Ya jingina kai da gilashi ya rufe ido. Ya so a ce motar nan kada ta isa Anka.

*

Ana fitowa sallar la'asar ya yi sallama. Bai bi ta rumfa ba, kai tsaye ya shiga gida.

Zubaida tana tsakar gida a kan tabarma, ta miƙe ƙafa, rariya a hannu, faifai a cinya. Kuka take tankaɗewa, jama'a. Wani abin sai ka rantse da gangan ne.

"Sannu da hanya, Malam. Ƙaƙa Gummi?"

Ya ajiye ledar a kan faifan.

"Mi na wanga?"

"Ke za ki hwaɗa min."

Ta kwance ƙullin. Ta duba. Ko gezau. Ta mayar ta ƙulle, ta ajiye a gefe.

"Ka ci abinci tukuna."

"Zubaida."

"Ni ta."

Tun daga Gummi yake shirya yadda zai kama ta in ta musa. Ya tanadi mabuɗi, ya tanadi farce, ya tanadi kunu. Ga shi ta bar shi da kayansa a hannu, ba inda zai sauke.

Ya zauna a kan turmi.

"Tun yaushe?"

"Tun ran da kunka hwara ɗaure ta ga tsamiya."

"Don mi?"

"Da hwari don alheri na." Ta ci gaba da tankaɗe. "Rubutun tsari na nik karɓo wurin Malam Sharu. Yac ce ka sha, ka shahe jiki. Shi bai ce a ba jirgi ba, kar ka ɗauki alhakinai. Ni nac ce cikin raina, jikin ga ba shi ka tashi ba, ƙarhen ga na ka ɗaukar shi. Sai nib ba ka rabi cikin kunu, rabi nib ba ta."

"Cikin lagireto."

"Nan nig ga kuna ba ta ruwa."

Namadi ya dafe kai.

"Ranar tay yi zahi, kunka kashe, kad dawo kac ci tuwo. Wani gwaji nis sake, tas sake zahi, kas sake dawowa gida da ƙahwarka. Ban yi boko ba, Malam, amma ina da ido."

"Kukar hwa?"

"Ba ni haɗa sunan Allah da kuka. Na bar zuwa wurin malam. Ƙaro nika jiƙawa, in dama kuka, in zuba. Wanga kam ba addu'a ba ta. Da gangan nike yi, ina sane."

Ta faɗe shi yadda ake faɗin an ɗauke ruwan famfo.

"Yaushe kika koma ga kuka?"

"Ran da kunka kawo ma'aunin hatsi kuna awon kanku. Nij ji kac ce wancan ya hi ka rashin nauyi, shi za shi hwara hawa."

Wancan, Faruk ke nan. Ɗan fari ne, kuma Zubaida 'yar gidan kunya ce. Tun ranar suna ba ta taɓa kama sunansa da bakinta ba. Wancan, ko yaron ga, shi ke nan. Ko zazzaɓi yake, sai dai ta aika masa magani ta hannun ubansa.

"Kin san mi kin ka yi min?" in ji Namadi. "Gari duka na min dariya. In na shiga kasuwa ana nuna ni da baki. Na ƙone gaskit ɗin inji ya hi a ƙirga. Na zauna cikin rumhwar can ni kaɗai, da girmana da gemuna, ina kuka, ina cewa kaina ya mutu."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Ina bayan zana ina jin ka."

"Kuma ba ki ji tausayina ba."

"Na ji. Nis shiga ɗaki nima nay yi nawa. Amma mai kuka shina da rai."

Ya dube ta. Mace ce da suka yi shekara da shekaru tare, ya san tafiyarta ko a cikin taro. Yau sai ya ga kamar bai taɓa zama ya kalle ta ba. Ta rame. Furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali.

"Kin san mi yas sa nike gina ta," ya ce a hankali.

"Na sani."

"Gulbi ya cika. Hanyar Bagega ta yanke. Ɗiyarmu Khairat na shiɗewa ga hannuna, ina tsaye bakin ruwa, asibiti na ƙetare. Da akwai abin da ka tsallake ruwan ga..."

"Ba hanya tak kashe su ba, Malam."

Rariyar ta tsaya.

Tun da suka baro Bagega ba wanda ya taɓa faɗin wannan a gidan. Sun binne yara biyu a damina ɗaya, shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyukan masu zinari. Suka kwashe kaya suka dawo Anka, suka rufe maganar suka zauna a kanta.

"Inji na," in ji Zubaida. "Wanda kak kawo tsakar gida kana niƙa dutsen zinari. Kac ce arziki na yaz zo. Ban ce komi ba, ni da hannuna nis share mai wuri. Ƙura na sauka cikin tuwonsu. Zayyad na rarrahe cikin garin dutsen ga ina kallo, ina dariya, wai ya sha hoda."

"Zubaida, bari."

"Ba ni bari. Yau kai kat tono. Ban taɓa ɗora maka ba, gari duka haka anka yi, ba wanda yas san guba ta. Kai kad ɗauki hanya kar riƙe, don hanya ta hi sauƙin riƙo. Ni kau injin nir riƙe. Ranar da munka rufe Zayyad nir rantse, ba wani inji da za shi ƙara shigowa gidan ga in share mai wuri."

Hawaye na zuba mata, ba ta share ba. Suna ɗiga a cikin garin kukar.

"Biyu sun tahi. Guda yar rage. Shi kuma ka ce za ka ɗora ga ƙarhe ka tura sama?"

Namadi ya nemi fushin da ya taho da shi, ya rasa. Ko ya zube a hanya, ko ya tsaya a Gummi, oho. Abin da ya rage masa gajiya ce kawai, da tausayinta, da tausayin kansa.

"Da kin hwaɗa min."

"Na hwaɗa. Kac ce in yi ta addu'a."

Gaskiya ne, ya tuna. Har sau biyu ma.

Wata kaza ta zo tana tsattsagar gefen faifai, ba wanda ya kore ta.

"Allah dai ya tsare," ya ce can. "Ke ba ki san mi kika wasa da shi ba."

"Na hana ta tashi."

"Ba ke ba ta. Abin da kika zubawa ba shi hana ta tashi."

Ta ɗago.

"Ƙaƙa?"

"Igiya ka hana ta, da idona ga allura. Inji in shina da sanyi, ko lagireto ya toshe shina ba ka ɗan lokaci kamin shi tahwasa. Ni ka ganin ja in kashe. Da wata rana na kwance igiyar ga, da ta gudu, da ta tashi lahiya lau."

"Sai mi?"

"Sai ta tahwasa can sama. Can kau ba gehen hanya da za ka tsaya ka buɗe bonet."

Zubaida ta sauke faifan daga cinyarta a hankali.

"Ya wuce dai," in ji Namadi, yana miƙewa da ƙyar. "Tsohon na wurin Makau. Sabon da yaron yaɗ ɗaura jiya tsab yake, ba abin da yat taɓa shiga cikinai sai ruwa. Gobe in Allah ya kai mu mu zauna mu uku, a yi magana. In kin ce a'a..."

Bai ƙarasa ba. Fuskarta ce ta tsayar da shi.

"Zubaida?"

Idonta ya tafi gindin randa.

"Zubaida, mi kin ka yi?"

"Da asuba. Da kat tahi tasha."

"Sabon?"

"Nig ga sabo na, nac ce ƙila ɗan kaɗan ba shi kama shi." Ta nuna wani kwanon sha da ke kife a gindin randa. "Cike nib ba ta."

Namadi ya kalli kwanon. Babba ne, wanda ake dama fura a ciki.

"Ina yaron?"

"Ya hita tun azahar."

"Ina yat tahi?"

"Bai hwaɗa ba. Abokanai sunka zo, suna ta murna. Nij ji shina ce musu ka bugo waya, kac ce komi lahiya lau."

Wayar. Wayar da ya buga da bakinsa, cikin murna.

Ya zaro ta ya danna. Ta shiga. Ƙarar wayar Faruk ta taso daga ɗakinsa, a jikin caji, tana ta yi ita kaɗai.

Sai suka ji.

Tari ɗaya, tari biyu, sannan injin ya kama. Duk unguwar ta san wannan ƙarar, har awaki sun daina gudunta. Zubaida ta dafe ƙirji.

"Gwaji na," ta ce. "Ko? Ga tsamiya take. Malam, ce min ga tsamiya take."

Namadi ya karkata kunne. Ya yi shekaru yana sauraron injin nan, ya san shi fiye da muryar kansa. In Shamuwa na ɗaure, ƙarar daga bayan katanga take zuwa, ta tsaya wuri ɗaya tana girgiza kwanon ɗaki.

Wannan daga nesa take. Daga can ƙarshen fili. Sun tura ta da hannu, shiru, don kada a ji.

Kuma ƙarar tafiya take.

Bai san lokacin da ya kai ƙofar baya ba. Sakata ta ƙi, ya sa kafaɗa. Takalminsa ɗaya ya tsaya a bakin ƙofar.

Rumfa a buɗe, wayam. Igiyar tana gindin tsamiya, an naɗe ta tsaf an ajiye, yadda shi da kansa ya koya wa yaron naɗe igiya.

Can ƙarshen filin da suka yi shekaru suna sharewa, Shamuwa ta juyo da hancinta. Samari sun ja gefe suna tsalle. Farfela ta ɓace don gudu. Ta taho.

"Kashe!" Namadi ya shiga filin da gudu. "Kashe ta! Kashe!"

Wa zai ji shi a cikin wannan ƙara? Ya cire hula yana kaɗawa da hannu biyu, yana tsalle da ƙafa ɗaya ba takalmi. Samarin suka ga Baba Namadi na kaɗa hula, suka ƙara ihu, su ma suka cire nasu.

Ta iso daidai shi. Ta cikin gilashi ya ga fuskar Faruk, baki har kunne. Yaron ya ga ubansa na kaɗa hula, ya ɗaga masa hannu.

Wani abu ya wuce Namadi a guje. Zubaida ce, ba mayafi, ba takalmi, garin kuka har gwiwar hannu. Matar da maƙwabta ba su taɓa jin ɗaga muryarta ba tana bin jirgi a gaban samarin unguwa.

"Faruku!"

Namadi ya tsaya cak. Bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

"Faruku! Ɗana! Faruku, sauko!"

Ƙarar injin ta haɗiye shi.

Tayoyin Shamuwa suka bar ƙasa.